Garin da Anti Muinat Take So

Tudun Gawo, ta Gezawa,
Tsakiyar damina.

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kuma aikin da ya kai ka bakin ruwan Fatakwal yana tafiya daidai. Mu nan ƙalau muke. Ruwa yana sauka yadda ake so. Geron bayan gida ya fi ni tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har rijiya take zuwa in ban riga ta ɗaukar guga ba. Kawu Basiru yana gaishe ka. A makaranta mun kusa fara jarrabawa.

Yaya, ka yi haƙuri da ganin takarda daga gare ni. Na san kana kira ranar Lahadi in kun fito inda ake samun sabis. Amma ka san Inna, da wayarta ta yi ƙara sai ta sa a sifika ta ajiye a tsakiyar tabarma, kowa yana ji har kaji. Ni kuma ko ba haka ba, in na riƙe waya bakina nauyi yake yi. Shi ya sa da na ji Malam Nababa direba zai kai albasa wajenku, na roƙe shi ya bar maka wannan a shagon mai goron da kake zuwa.

Maganar matarka ce, Anti Muinat. Ba faɗa aka yi ba, kada hankalinka ya tashi. Tun da ka kawo ta daga Ilori babu wanda ya ga aibunta. Da gwiwa biyu take gaida Inna. Kafin in tashi ta share tsakar gida. Ta ce ba za ta yi Turanci ko Yarbanci a gidan nan ba sai ta iya Hausa, ni kuma Malama take ce mini, wai a wajensu mace ba ta kiran sunan ƙannen miji. Inna tana ta gaya wa maƙwabta cewa yarinyar da kanta ta zaɓi zuwa wurinta a halin da take ciki na juna biyu, tunda mahaifiyarta ta rasu. Ban taɓa ganin Inna tana alfahari da wani abu haka ba.

Amma, Yaya, Anti ba ta cin abinci. Tuwon dawa da miyar kuka, loma biyu za ta yi ta rufe kwano ta yi ta godiya. Inna ta yi dambu, ta yi ɗanwake, ta dama fura da nono mai kyau, har kazarta mai wake-wake ta sa aka yanka. Duk haka kwanon yake dawowa. Awarwaron hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Rannan na gan ta a bayan rumbu tana amai, ta ɗaga mini hannu alamar kada in faɗa. Ban faɗa wa kowa ba sai kai.

Shekaranjiya bayan la'asar Inna tana tsintar wake, sai ta kira ta.

Ta ce, "Zo nan, 'yar nan. Ni fa ba baƙuwa ba ce a wurinki. Ki dube ni ki faɗa mini, me kike so?"

Anti ta durƙusa tana murɗa bakin mayafinta. Can ta ce, "Gari, Inna. Gari nake so."

Hannun Inna ya tsaya a cikin faifai. Ta ce, "Gari?"

"E, Inna. Gari kawai."

Inna ta dubi rumbu, ta dubi turken awaki, ta dubi dangar gidanmu. Sannan ta ce a hankali, "Ai kuwa a nan babu gari, 'yar nan. Ƙauye kika zo."

Anti ta ce, "To, Inna, ba komai. Ku yi haƙuri." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Tun daga nan Inna ta rage magana. Jiya muna daka ta ce mini, "Wadda ta saba da kwalta da lantarki, me za ta yi da mu?" Ba fushi na ji a muryarta ba. Da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ban san abin da ya kamata a yi ba, shi ya sa na rubuto. Don Allah kada ka ce wa Inna daga wurina ka ji.

Ƙanwarka,
Aina'u

*

Fatakwal.

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso hannuna tana warin albasa. Ina lafiya, sai sauro da ruwan sama da ba ya gajiya. Ki gaida Inna da Kawu Basiru. Ki riƙe karatunki da kyau. Rubutunki ya fi nawa kyau, har na ji kunya.

Kin kyauta da kika faɗa mini. Na karanta na sake karantawa, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa. Muinat a tsakiyar Ilori aka haife ta. Kasuwa a ƙofar gidansu take, maƙwabta duk yarenta suke yi, in ta leƙa taga mutane ne ko'ina. Na ɗauko ta na ajiye a inda in magariba ta yi ba a jin komai sai kwaɗi, na kama hanya na tafi. Da ta ce tana so ta zauna wurin Inna, daɗin maganar ya hana ni tunani.

Ke ba ki san ta ba tukuna. Mace ce da ba ta ƙorafi. Ranar da na fara cin abinci a gidansu, barkono ya sa ni hawaye a gaban yayyenta, suna ta dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Bayan aurenmu ta rage yaji a girkinta har ya zama ita ce ba ta jin daɗin miyar, kuma ba ta taɓa faɗa ba, sai da na lura tana ɓoye dakakken barkono a cikin gwangwanin madara. Irin wannan mace in har ta buɗe baki ta ce wa Inna ido da ido gari take so, to abin ya kai mata wuya.

Ga abin da na yanke. Za ta koma Ilori wurin yayarta har ta sauka lafiya. Ɗaki ɗaya suke da shi da yara, amma dai gari ne, kuma 'yar'uwarta ce. Ranar Lahadi zan kira ta a wayarta ita kaɗai, sannan in kira Inna in faɗa mata da bakina. Zan roƙi Kawu Basiru ya raka ta. Ba zan ambaci sunanki ba.

Na san Inna za ta ji ciwo. Ki zauna kusa da ita. Amma lafiyar Muinat da abin da take ɗauke da shi ita ce gaba.

Nan kifi ake sa wa komai, har na fara zargin shayin ma. In kin ga Malam Nababa zai dawo, ki saci kuka kaɗan a tulun Inna ki aiko mini.

Yayanki,
Kamaruddeen

*

Tudun Gawo.

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya. Mun gama jarrabawa. Ga kukar nan na ƙulle a leda biyu, ban sata ba, Inna na tambaya.

Yaya, da na san abin da takardata za ta jawo, da na yi shiru.

Ranar Lahadi da ka kira Anti, ta shiga ɗaki da wayar. Ban yi niyyar saurare ba, amma ina wanke-wanke a gindin tagarta. Na ji tana ta cewa to, to, da ƙaramar murya. Da ta fito idanunta sun yi ja. Ta tafi kai tsaye wurin Inna ta durƙusa, ta ce, "Inna, ku yafe mini abin da na roƙa. Ban san laifi ba ne."

Inna ta ce, "Ba ki yi laifi ba, 'yar nan. Mutum ba ya ƙin inda ya saba. Tashi, ƙasa da sanyi."

Da ka kira Inna kuma, ka ji da kunnenka ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Abin da ba ka gani ba shi ne, bayan ta kashe wayar ta daɗe zaune tana kallon itacen da ta tara a bayan madafi saboda ruwan wankan jego. Tun kafin damina take tara shi ɗaya-ɗaya. Washegari ta ce wa Kawu in yana da bukatar itace ya zo ya ɗiba.

Yanzu gidan shiru. Inna tana haɗa wa Anti tsaraba, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, tana ƙullewa tana cewa, "Ban ma san ko za ta ci ba." Anti kuma tana haɗa kaya, amma yadda take haɗawa ne ya dame ni. Zani ɗaya za ta ninke ta sa a akwati, ta zauna a bakin gado, shi ke nan na ranar.

Jiya a rijiya ta ce mini, "Malama, a nan abin kunya ne mace ta roƙi Inna abu?"

Na ce a'a. Ta tsaya kamar tana jira in ƙara wani abu, ni kuma kunya ta rufe ni, na ɗauki bokiti na yi gaba. Har yanzu ina jin haushin kaina.

Ni yarinya ce, kuma ba na so in yi maka shisshigi. Amma akwai abin da na kasa ganewa. In mutum gari yake so, aka ce masa ga gari nan tafi, ai murna ya kamata ya yi. Anti tun ranar Lahadi hawaye take yi. Me ka ce mata daidai? Ka tambaye ta ko tana son tafiyar, ko dai faɗa mata ka yi?

Don Allah ka sake tunani kafin Kawu ya sa rana.

Ƙanwarka,
Aina'u

*

Fatakwal.

Auta,

Salam. Motar Malam Nababa ta lalace a Lakwaja, shi ya sa takardarki ta daɗe a hanya, kuma a tsaye nake rubuta wannan don zai juya yanzu. Kukar ta iso, Allah ya yi miki albarka.

Kin tambayi abin da na ce mata. Na ce an faɗa mini abin da ta ce wa Inna, kuma ba sai ta ƙara wahalar da kanta ba, ta tafi wurin yayarta. Na tambaye ta ko hakan ya yi, ta ce duk yadda ni da Inna muka yanke. Hawayen da kike gani nauyin Inna take ji, ba wani abu ba. In ta isa gida za ta ware.

Kada ki ɗora wa kanki laifi. Mun gama magana da Kawu, za su tashi washegarin kasuwar Gezawa. Ki raka ta kasuwar ta sayi jaka da abin da take bukata na hanya. Ki riƙe mata kaya, kada ki bar ta ta daɗe a rana.

Yayanki,
Kamaruddeen

*

Tudun Gawo.

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya sosai. Ka zauna kafin ka karanta wannan. Anti tana nan. Babu inda ta je.

Na raka ta kasuwar Gezawa kamar yadda ka ce. Muka sayi babbar jaka, muka sayi sabulu. Ba ta ko taya komai ba, abin da aka ce shi take miƙawa. Za mu fito sai na ce mu bi ta bayan masu manja don an fi samun inuwa. Muna cikin tafiya na ji ta damƙe mini hannu da ƙarfi har na ji zafi.

Ta ce, "Malama! Gari! Ga gari! Inna ta ce babu!"

Na ɗaga kai ina kallon shaguna da titi, ina cewa a raina, yau kuma Gezawa ce ta zama gari a idon mutumiyar Ilori? Sai na ga ba can take nunawa ba. Wata babbar roba take nunawa a gaban wani dattijo, cike da garin rogo fari tas. Ta ɗiba da yatsu ta sa a baki, ta lumshe ido.

Na ce, "Anti, wannan ai garin kwaki ne."

Ta ce, "E. Gari."

Yaya, ka faɗi kalmar a bakinka ka ji. Mu in za mu ce gari na tuwo, jan farkon kalmar muke yi, gaari. In za mu ce gari na birni, a gajarce muke faɗa, ba ma ja. To su a yarensu sunan garin rogo a gajarce suke faɗarsa, daidai da yadda muke kiran birni. Abin da ta roƙi Inna ke nan. Ta ce tun da ta samu juna biyu ƙamshin dawa mai zafi yake tayar mata da zuciya, ba abin da ranta yake so sai wannan. Da Inna ta ce mata a nan babu gari, ƙauye ne, sai ta ɗauka ba a sayar da shi a ƙasarmu. Da ka kira kuma ka ce an faɗa maka abin da ta ce, sai ta ɗauka Inna ce ta kai ƙararta don ta raina abincin gida, shi ya sa ake mayar da ita.

Na zauna a kan buhun masarar mutane. Dattijon ya ce, "'Yan mata, saye za ku yi ko zaman makoki?"

A nan na yi mata bayani. Hausa ta ƙi isa, na koma Turanci, ni da ban taɓa haɗa jimla biyu a gabanta ba. Da ta gane, ta ɗora hannu biyu a ka.

Ta ce, "Ni? Ilori? Ɗaki ɗaya da yara biyar? Ni na ce?"

Ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye, ta rungume ni a tsakiyar kasuwa mutane suna kallo. Mai jaka ya ƙi karɓar jakarsa, sai muka sa aka auna mana garin muka zuba a ciki.

Da muka isa gida Inna tana sheƙar gero. Na faɗa mata komai, ina haki. Ba ta yarda ba da farko. Ta ce, "'Yar nan, sake faɗa in ji."

Anti ta ce, "Gari."

Inna ta ce, "A'a, ja shi. Gaari."

Anti ta gwada, ya sake fitowa birni. Inna ta ajiye faifai ta yi dariya har tana share ido da bakin zani. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin rasuwar Baba.

Sai kuma ta buɗe jakar ta leƙa, fuskarta ta canza.

Ta ce, "Tsaya. Garin kwaki? Wanda 'yan makaranta suke jiƙawa da ruwan sanyi? Ni Barira za a ce surukata tana da juna biyu ina ba ta garin kwaki, ga hatsi cike da rumbu? In fita unguwa in ce wa mata me?"

Anti ta sunkuyar da kai. Ni kam na ce a raina shi ke nan, mun fita wata mun shiga wata. Amma Anti ta ce, "Inna, ku ba ni murhu kaɗan."

Ta tafasa ruwa, ta zuba garin, ta tuƙa da muciyar Inna, ta malmala shi sumul. Ta ɗumama sauran miyar kukar safe ta kawo gaban Inna. Inna ta san sunan teba, amma ba ta taɓa sa ta a baki ba, a wurinta abincin tasha ne. Ta danna malmalar da yatsa. Ta gutsura, ta dangwala miya, ta haɗiye. Muna tsaye muna kallon maƙogwaronta.

Ta ce, "Af. Ashe tuwo ne."

Ta ƙara loma. "Da ɗan tsami. Amma tuwo ne. In tuwo ne ba wanda zai ce komai. Zauna ki ci."

Yaya, malmala biyu Anti ta cinye, da miyar kukar nan da take mayarwa kullum, har ta suɗe kwano. Inna ba ta ƙara ci ba, zama ta yi tana kallonta tana tura mata ruwa.

Da yamma Kawu Basiru ya shigo tambayar lokacin da za su kama hanya.

Inna ta ce, "Wace hanya?"

Ya ce, "Ilori mana. Yaron ya ce..."

Ta ce, "Yaron yana Fatakwal. Ni ina nan. Zauna a zuba maka tuwon Yarbawa."

Ya ci, ya nemi ƙari.

Tun daga ranar madafinmu ya zama wurin gardama. Anti ta gan ni ina tsinko lalo a gefen gona, ta yi ihu, wai shi ne ganyen da suke miya da shi a gida, suna saye da tsada, mu kuma awaki muke bari suna ci rabi. Ta dafa shi da kanwa kamar yadda muke yi, sai ta nemi sabuwar tsintsiya ta yanke ta gajarta za ta sa a tukunya. Inna ta yi salati ta riƙe mata hannu.

"Tsintsiya a miya? A gidana? Ga maburgi!"

Anti ta ce maburgi ba ya yi daidai. Aka raba miyar biyu, kowa ta kaɗa da nata. Da aka ɗanɗana Inna ta ce duk ɗaya ne, Anti ma ta ce duk ɗaya ne, amma har yau kowa da abin kaɗinta. Daddawa kuwa Anti ta sansana ta ce tasu ce sak, sai dai su ba sa daka ta. Attaruhu ne aka yi sulhu a kansa. Ana niƙa shi daban a ƙaramin kwano, mai so ya ɗiba. Inna ta ce ita ba ruwanta da shi, amma na gan ta tana lakata da bakin cokali, in ta yi tari ta ce hayaƙi ne.

Anti ta daina kuka. Na hawaye nake nufi, na miya kam kullum sai ta sha. Ka ga yanzu tsoron kowace kalma nake kafin in rubuta ta.

Ranar Lahadi ka ba ta haƙuri, don Allah. Ni na riga na ba ta, ta ce in na ƙara faɗa za ta daina ce mini Malama.

Ƙanwarka,
Aina'u

*

Fatakwal.

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. A shagon mai goro na karanta takardarki, na yi dariya har ya tambaya ko haihuwa aka yi. Daga nan na wuce masallaci na yi sujada.

Ke da Inna kuna da uzuri, kunnenku ne ya ji abin da ya saba ji. Ni fa? Tun da muka yi aure nake cin teba daga hannunta. Kullum ina jin ta tana kiran garin nan da wannan muryar, har tsokanarta nake yi. Amma da na gan shi a rubuce, babu murya a jikinsa, sai na karanta abin da nake tsoro tun ranar da na baro ta. Kuma da na kira ta, hukunci na karanta mata, ban tambaye ta me ta ce ba. Ke kika yi tambayar da ta kamata, na ce miki nauyin Inna take ji.

Na kira ta, na ba ta haƙuri. Ta ce ta haƙura, amma in na dawo sai na ci miyar da ta yi da yajinta na gaskiya, ba ragi. Ki taya ni addu'a.

Karo na farko na gode wa sifikar Inna. Ina gaishe ta ina jin su biyun suna musu a kan gishiri, ba wadda ta kula ni sosai. Ban taɓa jin daɗin a share ni haka ba.

Ki gaida Kawu, ki ce na ji labarin ƙarin da ya nema.

Yayanki,
Kamaruddeen

*

Tudun Gawo,
Farkon kaka.

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An fara yankan gero. Sakamakon jarrabawa ya fito, na ci duka, lissafi ne kawai da ƙyar.

Na raka Anti awo. Ma'aikaciyar ta ce nauyinta ya ƙaru, komai yana daidai. Fuskarta ta ciko. Yanzu tana iya cin tuwon dawa in ya huce, da miyar agushi irin tasu. Inna kuma ta koyi tuƙa teba, sai dai tata tana yin gudaji, kuma ba mai ikon faɗa.

Inna ta gano ina rubuto maka, Malam Nababa ne ya yi suɓutar baki. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce tunda na iya kai rahoto, in ɗauko biro in rubuta nata. Ga shi yadda ta faɗa:

"Ki gaya wa wancan, in zai dawo ya taho da manja mai kyau da busasshen kifi, 'yata ta ce na kasuwar nan ba su kai na can ba. Kuma kada ya ƙara yanke hukunci a kan gidana daga bakin ruwa."

Na tsaya na ce, "Inna, surukata zan rubuta?"

Ta ce, "Me kika ji na ce?"

Na ce, "'Yata."

Ta ce, "To rubuta abin da kika ji."

Ƙanwarka,
Aina'u